Babi na Bakwai: Tafintan Kotu a Damagaram

Kusan kowace shari'a da ake yi a kotunan jihar Damagaram shari'a ce ta harshe biyu, ko da ba a faɗi haka ba. Dokar da ake hukunci da ita an rubuta ta da Faransanci, alƙali da mai gabatar da ƙara da lauya da Faransanci suka yi karatunsu, kuma abin da magatakarda zai rubuta ya shiga kundi da Faransanci zai shiga. Mutumin da aka kawo daga Mirya ko Magarya ko Tanut kuwa, Hausa yake ji, ko Barbarci, ko Fulatanci, ko Buzanci, ko Tubanci. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan uku da rabi a jihar, wadda ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, kuma ƙiyasin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fitar a 2022 ya nuna kashi 13 cikin 100 ne kawai na ƴan ƙasar ke jin harshen. Ke nan mafi yawan waɗanda ake yanke wa hukunci a kan gonarsu ko aurensu ko ƴancinsu, ta bakin wani mutum na uku suke magana, ta bakinsa kuma suke jin abin da aka yanke. Ra'ayina a wannan babi shi ne, bai kamata a bar wannan mutum na uku ya zama duk wanda hali ya kawo ba. Ya kamata tafintancin kotu ya zama sana'a mai jarrabawa da rajista da albashi, wadda za a iya binciken mai yin ta, a kuma kare shi idan ya yi daidai.

Damagaram ta san nauyin tafinta tun farkon zuwan Faransawa. Lokacin da aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder ranar 5 ga Mayu 1898, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, tare da tafintansa Olive aka kashe shi, domin a idon fada su biyun jiki ɗaya ne. Bayan yaƙin Tirmini na 1899 da kafuwar mulkin Faransa, ƴan tsirarun hafsoshin da ke riƙe da gari ba su jin Hausa ko Barbarci yadda za su tsaya da ƙafarsu, don haka duk kuka da ƙara da tsegumi da suka isa kunnen kwamanda sai sun bi ta hannun tafinta. Shi ke zaɓen wanda zai shiga da wanda zai kwana a ƙofa, shi ke sassauta magana ko ya ƙara mata gishiri, kuma ba wanda ke iya gane abin da ya ƙara ko ya rage. Abin da ya faru a 1906 ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. A shekarar, jim kaɗan bayan tashin Satiru a ƙasar Sakkwato, Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da babban attajirin garin Malam Yaro da shirya maƙarƙashiyar hallaka su, kuma cikin waɗanda aka kama har da tafintansu na kansu, Ali Diallo. An tuɓe sarkin aka kai shi Kodebuwa, aka bar gari a hannun wani bafada da ake kira Ballama, ba a kuma mai da sarauta ga gidanta ba sai 1923. Masana tarihi irin su André Salifou da Camille Lefebvre sun yi dogon nazari a kan wannan shari'a, kuma abin da ke fitowa fili daga cikinta shi ne, hukumar da ba ta da hanyar tantance maganar tafintanta, wata rana za ta yarda da duk abin da ya ce, wata rana kuma za ta ƙi yarda da komai nasa. Dukan biyun zalunci suke haifarwa. Amadou Hampâté Bâ ya gina littafinsa na 1973 a kan Wangrin, tafintan da ya juya Turawa da talakawa a tafin hannunsa, kuma duk wanda ya tashi a ƙasashen da Faransa ta mallaka ya gane mutumin da ake nufi.

Tun kafin wannan zamani ma malaman fiƙihu ba su ɗauki lamarin da wasa ba. Alƙalan birnin Zinder da littattafan Malikiyya na Larabci suke hukunci, a garin da Bahaushe da Babarbare da Buzu da Balaraben Turabulus ke haɗuwa a kasuwa ɗaya. Imamu Buhari ya ware babi guda a kan tarjamar da ake yi wa masu hukunci da kuma ko tarjamani ɗaya ya isa. Malamai sun saɓa: Shafi'iyya suna ɗaukar tarjama tamkar shaida, don haka suna neman mutum biyu, Malikiyya kuwa suna ɗaukar tarjamani a matsayin mai ba da labari, ɗaya ya wadatar, da sharaɗin ya kasance adali amintacce. Abin lura shi ne, duk ɓangarorin sun yarda cewa ba kowa ake miƙa wa wannan aiki ba. Wanda ke ganin tantance tafinta baƙon tunani ne da aka ɗauko daga Turai, ya koma ga waɗannan littattafai.

To mece ce dokar zamani ta tanada? Kundin tsarin shari'ar laifuka da Nijar ta kafa a 1961 ya bi sawun na Faransa: idan wanda ake tuhuma ko mai shaida ba ya jin harshen kotu, alƙali ya naɗa tafinta, ya rantsar da shi cewa zai fassara da gaskiya. Nijar ta kuma shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa a 1986, wadda sashenta na 14 ya ba wa wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta. A takarda, ke nan, haƙƙin yana nan. Inda gizo ke saƙa shi ne, rantsuwa niyyar mutum take ɗaurewa, ba ta ƙara masa iyawa. Mutum na iya rantsewa da zuciya ɗaya, yana tsoron Allah, amma ya kasa riƙe jimla biyar a kansa, ko ya kasa bambance ɗaurin talala da sallama, ko ya taƙaita maganar minti uku cikin kalma goma saboda ya ga alƙali ya ƙosa. Bai yi ƙarya ba, amma kotu ta yanke hukunci a kan abin da ba a faɗa ba.

Mu duba abin kusa. A Nijar da dala ake lissafin kuɗi da Hausa, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Mai shaida ya ce ya ba da “ɗari biyu”, yana nufin sefa 1,000, wato jika guda. Idan ya ce “dubu”, sefa 5,000 yake nufi. Tafintan da ya mai da lambar yadda ya ji ta ya rage bashin sau biyar. A garuruwan bakin iyaka kamar Magarya da Matameye, inda naira ke yawo a kasuwa tare da sefa, dole ya tsaya ya tambaya wane kuɗi ake nufi, kuma ya yi tambayar a fili yadda kotu za ta ji, kada ya yanke shi kaɗai a ransa. Rigimar gona ta fi wannan zafi, ita ce kuma ta fi cika zaurukan masu gari da kotuna a kudancin jihar inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Tun bayan dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda aka fara gwada hukumominta na filaye a wurare irin su Mirya, shari'a da yawa a kan tambaya ɗaya suke tsayawa: yaya gonar ta shiga hannun kakan wanda ke nomanta yau? Aro ne, ko jingina, ko kyauta, ko saye? Aro ana iya karɓe shi, jingina tana komawa idan an biya kuɗin, kyauta da saye sun yanke. Tsoho ba zai faɗi kalma ɗaya tsaf ba. Zai ce “an ba shi ya ci”, ko ya ce kowace kaka ana kai wa gidan mai gona dami. Wannan damin shi ne hujjar cewa aro ne, kuma tafintan da ya ga kamar surutun tsofaffi ne ya tsallake shi ya sauya wa gona mai ita.

Akwai kuma abin da kunya da ladabi ke yi wa magana. Talaka a gaban hukuma yana cewa “to” da “na ji” don girmamawa, ba don ya amsa laifi ba. Mace ba ta kiran sunan mijinta ko ɗan farinta, yarinyar da aka ci wa zarafi kuma da sakaya za ta faɗi abin da aka yi mata, alhali dokar laifuka tana bambance aiki da aiki, kowanne da nauyin hukuncinsa. Manomi ba ya ba da kwanan wata, sai ya ce bayan sallar layya, ko lokacin da gero ya fara bununi. Aikin tafinta a nan yana da wuya ta fuska biyu: kada ya cika gurbin da mai magana ya bari da abin da shi yake zato, kada kuma ya bar alƙali cikin duhu. Hanyar da ƙwararru ke bi ita ce su faɗi maganar yadda take, sannan su sanar da kotu cewa maganar sakayayya ce, a sake tambaya. Matsalar ma ba a ɗakin shari'a take farawa ba. Tana farawa ne a ofishin jandarma ko na ƴan sanda, inda ake yi wa mutum tambayoyi da Hausa, jami'in da ke bincikensa ya rubuta amsoshin da Faransanci, a ba shi ya dangwala yatsa a ƙarƙashin abin da ba zai iya karantawa ba. Wannan takarda za ta bi shi har kotun ɗaukaka ƙara, kuma duk lokacin da ya ce ba haka ya faɗa ba, sai a ɗauke shi mai sauya magana.

Wani zai ce ai alƙalan Nijar ƴan ƙasa ne, yawancinsu suna jin Hausa, mene ne amfanin sa wani a tsakani? Gaskiya ne alƙalin da ke jin harshen mai ƙara ya fi wanda ba ya ji, kuma babu laifi ya yi masa magana kai tsaye. Amma ana tura alƙalai ko'ina cikin ƙasa, wanda ya tashi a Dosso ko Tilaberi na iya samun kansa a Gure, kuma Hausar ciniki daban take da Hausar da ake raba gado da ita. Ko da Hausarsa ta nuna, fassarar ba ta ɓace ba, ta koma cikin kansa ne lokacin da yake faɗa wa magatakarda abin da zai rubuta, inda lauya ba zai iya ƙalubalantarta ba. Shi ya sa dokar Faransa ta hana a ɗauki tafinta daga cikin alƙalan da ke zaman shari'ar, ko magatakardan zaman, ko masu shari'ar da shaidunsu, ko da kowa ya amince. Haka nan mashawartan al'ada da ke taya alƙali zama a shari'ar aure da gado da gona, aikinsu bayyana al'ada ne, suna cikin masu duba shari'ar, bai dace su zama bakin mai ƙara ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Me zai hana a yi shari'a da Hausa a huta? Ina goyon bayan a yi hakan duk inda zai yiwu, kuma Zinder, inda aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, ita ta fi cancanta ta fara. Sai dai kundayen dokoki da hukunce-hukuncen da aka tara tun 1960 da Faransanci suke, mai da su Hausa aikin shekaru ne, kuma masu yin sa su ne dai ƙwararrun da muke cewa a horar. Bayan haka, ranar da kotu ta koma Hausa gaba ɗaya, Batuben Tasker da Bafulatanar rugar Tanut da masuncin tafkin Cadi mai jin Budumanci suna nan inda suke. Kotun ɗaukaka ƙara ta Zinder tana karɓar shari'o'i har daga jihar Difa, inda Barbarci ya fi rinjaye, kuma tun 2015 an kwashi ɗaruruwan mutanen wannan yanki zuwa Yamai bisa zargin alaƙa da Boko Haram. Dokar harsuna ta 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma. Bahaushen da ya daɗe yana tsaye a kotu bai san abin da ake faɗa a kansa ba, bai kamata ya yarda a mai da maƙwabcinsa wannan matsayi ba. Kurame ma, waɗanda ba a cika tunawa da su ba, suna cikin wannan lissafi.

Ƙasashen da suka kafa tsarin tantance tafintoci, galibi sai da aka yi ɓarna suka farka. A Amurka, wata kotun tarayya ta soke hukuncin kisan kai da aka yanke wa wani leburan gona ɗan Fotoriko mai suna Negron a 1970, saboda ya zauna ana shari'arsa da Ingilishi, ba a ba shi komai ba sai taƙaitaccen bayani lokacin hutu. A 1978 majalisar ƙasar ta kafa dokar tafintocin kotu, wadda ta kawo jarrabawar tarayya mai tsanani. A Ingila, Iqbal Begum, ƴar asalin Pakistan, ta amsa laifin kashe mijinta a 1981 aka yi mata ɗaurin rai da rai, sai a 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta gano ba ta fahimci abin da ta amsa ba, domin wanda aka kawo ya yi mata tafinta bai iya isar mata da maganar da harshenta ba. A 1994 aka buɗe rajistar tafintocin hukuma ta ƙasar. Faransa kuwa jerin sunaye take ajiyewa a kowace kotun ɗaukaka ƙara, mutum ya yi shekara uku na gwaji sannan a riƙa sabunta shi duk shekara biyar, amma takardunsa ake dubawa, babu jarrabawar ƙasa. A ganina a nan ne bai kamata Nijar ta bi Faransa ba. Babu digirin da ke nuna mutum ya iya Dazaganci ko Barbarcin Manga, sai an zaunar da shi an ji.

Jarrabawar da ta dace da Damagaram ta baki ce kafin ta zama ta rubutu. A kunna wa mai nema muryar tsoho yana ba da tarihin gona, ya mayar da ita Faransanci gaɓa gaɓa ba tare da ya zubar da komai ba. A miƙa masa takardar tuhuma ya karanta ta da ido yana faɗinta da Hausa nan take. A sa shi kusa da wanda ake tuhuma ya riƙa raɗa masa abin da mai gabatar da ƙara da lauya ke faɗa yayin da suke faɗa, domin wannan ne aka fi tauyewa: sau da yawa tambayar da aka yi wa mutum kaɗai ake fassara masa, sauran shari'ar ta wuce ta kansa. Masu gyara su haɗa da alƙali da masanin harshe da dattijon da harshen nasa ne. Wuraren horarwa suna nan: makarantar horar da ma'aikatan shari'a a Yamai, da Jami'ar André Salifou a Zinder, da ƴan jaridar gidajen rediyo waɗanda kullum suke mai da labarai daga Faransanci zuwa harsunan ƙasa. Wanda ya ci sai a koya masa ladubban aikin: ya yi magana da “ni” kamar yadda mai maganar ya yi, kada ya ba da shawara, kada ya karɓi goro daga kowane ɓangare, ya janye idan shari'ar ta shafi danginsa ko garinsu, ya kuma iya buɗe baki ya gyara kansa a gaban kotu idan ya yi kuskure.

Batun kuɗi ba a raina shi a ƙasar da alƙalai da magatakarda kansu ba su wadata ba. Amma ba a bukatar tafinta na kowane harshe a kowace kotu. Ƴan kaɗan na dindindin a Zinder da manyan kotuna don Hausa da Barbarci, sauran kuma a rajista, a kira su idan bukata ta taso a biya su kuɗin zama, ko a haɗa su ta waya a ƙananan al'amura. Hukumar taimakon shari'a da aka kafa da dokar 2011 tana da ofisoshi a manyan kotuna, tana iya riƙe rajistar. A kuma tuna cewa rashin tafinta ma kuɗi yake ci: shari'ar da aka ɗage saboda ba mai jin Tubanci, mutum ne ke ƙara watanni a gidan kaso gwamnati na ciyar da shi, gonarsa kuma ba mai nomawa. Tafintan da gwamnati ba ta biya ba kuwa, akwai haɗarin masu shari'a su biya shi, wanda ya fi kauri a aljihu ya fi jin daɗin fassara.

Saura tsoro na ƙarshe, wanda na fi ɗauka da muhimmanci: kada takardar shaida ta haifar da sabon Wangrin, mai hatimin gwamnati a wannan karon, wanda ba mai iya musa masa. Takarda kaɗai ba ta magance wannan, abin da ke magance shi shi ne a iya komawa ga abin da aka faɗa. Ali Diallo da kwamandojinsa ba su da na'urar ɗaukar murya, yau kuwa tana aljihun kowane jandarma. A wajabta naɗar tambayoyin da ake yi wa wanda ake tuhuma da zaman kotu a manyan laifuka, a ajiye muryar tare da kundin shari'ar, a rubuta sunan tafinta da harshen da ya yi aiki da shi a kan kowace takarda. Idan mutum ya ɗaukaka ƙara ya ce ba haka ya faɗa ba, kotun Zinder ta ba wa tafinta na biyu daga rajista ya saurara ya rubuta rahoto. Wanda aka samu da ganganci a cire sunansa a hukunta shi, wanda aka yi wa ƙazafi kuma muryar ta wanke shi. Ana iya fara wannan a babbar kotun Zinder da kotunan Mirya da Gure, inda Hausa da Barbarci da rigimar ƙasa suka fi haɗuwa, a ga abin da ya ci na kuɗi da lokaci kafin a kai shi sauran jihohi.